Ɗan Tarka ya ci bak, wa zai hau da shi bene?

A cikin sanyin da ya wuce wani dattijo ya bugo mana waya a gidan rediyo, cikin shirin dare da muke buɗe layi ga masu saurare. Daga wani ƙauye na komin ɗin Tarka yake kira, can cikin gundumar Belbeji. Mun ɗauka cigiyar dabba zai bayar, ko gaisuwa ga ƴan uwa da ke ci-rani, don su ne abin da aka fi kiranmu a kai daga wannan yanki. Ashe maganar ɗansa ce ta hana shi barci. Yaron shan inna ta shanye masa ƙafafu tun yana goye, amma Allah ya ba shi kai. Ya yi firamare, ya yi kolej, ya yi lise, ya ci jarrabawar bak. An yi guɗa a ƙauye, uban ya sayar da tumaki biyu, aka sa shi a mota zuwa ɗaya daga cikin jami'o'in ƙasar nan. Bai cika wata uku ba ya dawo gida da ƴar jakarsa.

Babu wanda ya kore shi, karatun ma bai gagare shi ba. Wasu daga cikin darussansa a bene ake yin su. Abokansa biyu ke cicciɓarsa su hau da shi, na uku ya biyo su da keken. Haka suka yi ta yi sati da sati, amma ranar da ɗayansu ya makara ko ya kwana da zazzaɓi, sai yaron ya zauna a gindin matakala yana jiyo muryar malami daga sama. Batun makewayi kuwa, uban ya ce ba abin faɗa ba ne a rediyo. Daga ƙarshe yaron ya ce ya gaji da roƙo, alhali gudun roƙon ne ya sa aka kai shi lekkol tun farko. Dattijon bai zagi kowa ba. Tambaya ɗaya ya yi mana: idan na sake sayar da wata tunkiyar na tafi can, ofishin wa zan shiga, wa zan gani?

A daren nan ba mu da sunan da za mu ba shi. Wannan shi ne dalilin sharhinmu na yau, kuma ba za mu ambaci sunan yaron ko na makarantar ba, don abin ya fi ƙarfin makaranta guda.

Mai karatu da ke zaune a Yamai ko cikin birnin Zinder, ya kamata ya fara sanin abin da ake nufi idan an ce naƙasasshen yaro daga Tarka ya ci bak. Belbeji sai a shekarar 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta bayan an cire ta daga Tanut, kuma komin guda ce a cikinta, wato Tarka. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutane sama da dubu 90 a wannan komin, Hausawa da Buzaye da Fulani, manoma da makiyaya, a warwatse cikin ƙauyuka da rugage da zangunan da ke nesa da juna. Ƙasar rairayi ce. Duk wanda ya taɓa tura keken guragu cikin rairayin Damargu ya san ba ya tafiya, sai dai a ja shi. Yaron da ba ya iya takawa a bisa jaki ake kai shi lekkol, ko a amalanke, ko a bayan yayarsa. In ya gama firamare sai an nemo masa mai masauki a garin da kolej take, kuma samun mai masaukin da zai karɓi lafiyayyen yaro ma aiki ne, balle wanda sai an taimaka masa wajen wanka. Wannan ga gurgu ke nan. Makaho da kurma nasu ya fi wuya, domin makarantun da aka daɗe da sani na kurame a Yamai da Maraɗi da Zinder suke, makarantar makafi ta Soly Abdourahamane tana Yamai, azuzuwan makafi da aka buɗe cikin makarantun kowa da kowa su ma a manyan garuruwa suke. Uwa a ƙauye za a ce ta saki ɗanta ɗan shekara bakwai, marar gani, ya tafi birni hannun baƙi. Da yawa ba su saki ba, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Saboda haka wanda ya tsallake duk waɗannan ramuka har ya riƙe takardar bak a hannunsa, zakaran gwajin dafi ne. Shekara goma sha uku ƙasa tana kashe kuɗi a kansa, iyaye suna sayar da bisashe. Sai kuma a bar matakala ashirin ta mayar da shi ƙauye? Hausawa sun ce ganin Dala ba shiga birni ba, to wannan yaro ya ga Dala, ya isa bakin ƙofa, aka bar shi nan.

Kada a ce ƴan kaɗan ne. Ƙidayar 2012 ta nuna kashi 4,2 cikin ɗari na ƴan Nijar suna da wata naƙasa, mutum sama da dubu 700. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a rahotonta na 2022 ta ce a duniya baki ɗaya abin ya kai kashi 16 cikin ɗari. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu ta danganta da yadda ake yin tambayar, amma mu da muka tashi a karkara mun san wani dalilin: akwai gidajen da ake tura yaro ƙuryar ɗaki idan masu ƙidaya sun yi sallama. Sannan a tuna da tarihin shan inna. A 2003 aka dakatar da allurar riga-kafi a Kano, sai a tsakiyar 2004 aka koma yi, cutar ta bazu har ta tsallako iyaka, kuma sai a 2006 aka cire Nijar daga jerin ƙasashen da take zaune a cikinsu daram. An yi murna a watan Agustan 2020 da aka ce Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, murnar kuma ta dace. Amma jariran da ta taɓa a waɗancan shekaru fa? Yau sun haura shekara ashirin. Su ne ke bakin ƙofar jami'a yanzu. Ga waɗanda sanƙarau ya toshe wa kunne, kuma jihar Damagaram ta san sanƙarau sanin gaske. Ga waɗanda haɗarin mota a hanyar Zinder zuwa Tanut zuwa Agadas ya zaunar da su, ga na kabu-kabu. Naƙasa ba ta neman izini, wanda ya kwana lafiya yana iya wayar gari a cikinta.

Ta fuskar doka kuwa, ba abin da Nijar ta rasa. Tun ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa doka mai lamba 93-012 kan kare naƙasassu, aka gyara ta a 2010. A watan Yunin 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aya ta 24 a cikinta ta yi maganar ilimi, ta kuma ambaci karatun jami'a ƙarara, ta ce a yi wa kowane ɗalibi gyaran da ya dace da halinsa. A ranar 10 ga Disamba 2019 aka ƙaro doka mai lamba 2019-62. Cikin waɗannan dokoki ne aka keɓe wa naƙasassu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. To a nan muke so mahukunta su tsaya su yi tunani tare da mu. Idan aka buɗe gasar ɗaukar ma'aikata aka ce sai mai lisans ko mai mastar, daga ina naƙasasshen zai fito da takardar? An ajiye masa kujera a ofis, an toshe masa hanyar aji. Ranar gasa sai a duba a ce ba su zo ba, a cike gurbin da wani, kowa ya wanke hannunsa. Kashi biyar ɗin nan a bakin amfi ake cinye shi, tun shekara uku kafin a buga sanarwar gasa.

Me ake nufi da gyaran da ya dace? Mun lura idan aka yi wannan magana shugabanni sukan ɗauka miliyoyi ake nema. Bari mu warware shi dalla-dalla, a ga wanne ne na kuɗi, wanne ne na tunani kawai.

Mu fara da yaron Tarka. Maganin matsalarsa ta farko ba ya cin ko dala: wanda ke tsara jadawalin azuzuwa ya san akwai mai keke a wannan aji, ya sauko da darasin ƙasa, ya hau da wani ajin sama. Shi ke nan. Alƙalami ne da takarda. Amma sai in an gaya masa tun kafin a buɗe shekara, kuma sai in akwai wanda aikinsa ne ya gaya masa. Sai gangaren siminti a bakin ƙofofi. A nan ma akwai abin faɗa, don mun sha ganin gangaren da aka yi don a ce an yi, mai tsayuwa kamar zamiyar yara, wanda ko ƙato bai iya tura kansa a kai. Ma'aunin da magina ke bi a duniya shi ne, duk tashin mita ɗaya yana son tsawon mita goma sha biyu ko fiye. Ƙofa ta kai faɗin da keke zai wuce. Ɗakin kwana a ƙasa, kusa da famfo. Kada a sa mai sanda cikin turmutsutsun layin resto ko na shiga bas.

Sai makewayin da dattijo ya ji nauyin faɗa, mu za mu faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ba ya tsayawa da ƙafafunsa, da hannuwansa yake shiga bayan gida. A makewayin tsuguno da ɗaruruwan ɗalibai ke amfani da shi, ranar da ruwa ya ɗauke, mai karatu ya auna da kansa. Mun san waɗanda ke ƙin cin abinci da ƙin shan ruwa tun safe don kada buƙata ta kama su a makaranta, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Da wane kai za su fahimci darasi? Makewayi guda mai kujera, mai ƙarfen dafawa, mai makulli a hannun masu buƙatarsa, a kowane rukunin gini, bai fi ƙarfin kasafin kowace jami'a ba. Idan kuma ɗalibar mace ce, a ninka duk abin da muka faɗa. Namiji abokansa sun cicciɓe shi. Ita wa zai cicciɓe ta? Wane uba ne a Damargu zai yarda samari su riƙa ɗaukar ƴarsa a kafaɗa safe da yamma? Ita ba ta ma zuwa balle ta dawo.

Makaho shi ma yana da nasa. Malami na rubutu a allo yana cewa wannan a haɗa da wancan, shi kuwa bai san wannan ba bai san wancan ba. A raba polikopi a takarda, ya riƙe abin da ba zai iya karantawa ba, sai ya nemi wanda zai karanta masa da dare, in an ga dama. Alhali darasin nan cikin kwamfutar malam yake. Da zai zuba masa shi a kile ko ya aika masa ta waya, akwai manhajar da ke karanta rubutu da murya, irin su NVDA, wadda wasu makafi biyu ƴan Ostareliya suka fara a 2006, kuma kyauta ce, tana karanta Faransanci da Ingilishi. Abin da ya rage kwamfuta ce, da wurin caji, da izinin ɗaukar muryar malami a aji. Mun san akwai malaman da ba sa son a ɗauki muryarsu, wasu kuma ba sa son sakin darasinsu don polikopin na kawo ɗan abin cefane. Muna girmama malamanmu, amma wannan bai isa hujjar hana makaho karatu ba. Rubutun makafi na Braille, mai ɗigo shida, yana nan da amfaninsa musamman a lissafi da harsuna, sai dai yana cin takarda, shafi guda na bugu yakan zama biyu ko uku, kuma injin buga shi na da tsada. Wannan kam na kuɗi ne. Amma inji guda a ɗakin karatu na jami'a ya ishi jiha guda, har da lise-lisen da ke cikinta.

Ranar jarrabawa ita ce ranar da aka fi cutar su. Mai karatu da yatsa, ko mai faɗa ana rubuta masa, ba zai gama a lokaci ɗaya da mai ido ba. A Faransa, inda muka kwaso tsarin bak da na jami'ar tamu, ana ƙara wa irin wannan ɗalibi sulusin lokaci, jarrabawar awa uku ta zama awa huɗu, kuma dokarsu ta 11 ga Fabrairu 2005 ta ɗora wa jami'o'i nauyin karɓar naƙasassu da yi musu gyara. Mun kwaso amfi, mun kwaso lisans da mastar, me ya hana mu kwaso wannan mu rubuta shi cikin dokar kowace jami'a, a manna a allo? Domin in ba a rubuce yake ba, sai ya zama alfarma. Malam mai kirki ya ƙara lokaci, malam mai tsauri ya ce bai san zancen ba. Haka nan mai rubuta wa makaho amsa, ya zama jami'a ce ta zaɓe shi ta biya shi, kada a bar ɗalibi yana yawon neman wanda zai taimaka masa da safiyar jarrabawa.

Na kurma shi ne mafi wuya, ba za mu ɓoye ba. Malaminmu na jami'a da baki yake shifta, sau da yawa ma ya juya wa aji baya. Mai fassara da hannu wanda ya san kalmomin shari'a ko na kimiyya ba a samunsa a kasuwa, sai an horar da shi shekaru, sannan maganar hannu da yaro ya tashi da ita a gida daban take da wadda ake koyarwa a makarantun kurame. Wannan aikin ma'aikatar ilimi mai zurfi ne, kuma in ba a fara yau ba shekara goma masu zuwa ma nan za a same mu. Amma kafin nan akwai ƙananan abubuwa. Kujerar gaba. Darasi a rubuce kafin a shiga aji. Ɗalibi guda da za a ba ɗan alawus ya riƙa ba shi abin da ya rubuta. Ga wani abin da ba a kula da shi: yanzu shugaban aji da saƙon murya yake sanar da canjin lokaci a WhatsApp. An ɗage jarrabawa daga Laraba zuwa Litinin, kowa ya ji, ban da mutum ɗaya.

Akwai kuma waɗanda tasu ba ta fito fili ba: zabiya da ke buƙatar manyan baƙaƙe da inuwa, mai farfaɗiya, mai sikila da ciwo kan kayar da shi ranar jarrabawa. Su ma a ba su damar ramawa ba tare da an ce ƙarya suke ba.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba mu raina ta ba. Za a ce jami'o'in nan ko masu ƙafa biyu ba su samu wurin zama ba, ɗakunan kwana sun cika, kuɗin burs na makara, shekarun karatu na hawa kan juna. Gaskiya ne. Daga jami'a guda ta Abdou Moumouni a Yamai, aka buɗe na Zinder da Maraɗi da Tawa a 2010, aka ƙaro na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014, kuma ɗalibai sun fi gine-gine saurin ƙaruwa. Amma wannan hujja kanta tana gefenmu. Tunda har yanzu gini ake, ai yanzu ne lokacin sa gangare da faɗaɗa ƙofa, tun siminti na ɗanye, don fasa gini daga baya ya fi tsada. Kuma wahalar da ta sami kowa ba daidai take cin kowa ba. In burs ta makara, lafiyayyen ɗalibi yana iya yin kabu-kabu, ko leburanci, ko ya taka da ƙafa zuwa makaranta. Gurgu kuɗin adaidaita ne ƙafarsa. Ranar da aljihu ya bushe, ranar karatu ya tsaya.

Wasu kuma na cewa ƙarin lokaci da sauran gyare-gyare son kai ne, zai rage darajar diploma. Mu ma ba mu yarda a ba kowa makin tausayi ba. Malamin da ya ƙara wa makaho maki don ya ji tausayinsa ya cuce shi, don gobe za a ce takardarsa ta sadaka ce. Tambaya ta zama iri ɗaya, gyaran takarda ya zama iri ɗaya, wanda ya faɗi ya faɗi. Abin da ake nema kawai tambayar ta isa gare shi, amsarsa kuma ta isa ga malam.

A nan dole mu ma mu karɓi namu laifin, mu ƴan jarida. Kowace ranar 31 ga Yuli da ake bikin naƙasassu na ƙasa, da ranar 3 ga Disamba ta duniya, muna ɗaukar makirfo mu je inda ake raba buhunan shinkafa da kekuna, mu ɗauki jawabin babban baƙo, mu sa wani gurgu ya yi godiya, mu dawo mu watsa. Ba mu taɓa komawa bayan wata shida mu tambayi ina keken yake, ko akwai mai gyaransa a Belbeji in tayarsa ta fashe ba. Mun taimaka wajen mayar da maganar naƙasassu maganar kyauta da godiya. Al'adarmu ta san sarkin makafi da sarkin guragu, ta san ba da sadaka ranar Juma'a, kuma ba mu ce a daina alheri ba. Amma al'adar nan tamu ta san wani abin. Ta san Aliyu Namangi na Zariya, makaho, mai waƙar Imfiraji, wanda jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. Malamanmu na zaure suna ba mu labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin da aka sha bar wa riƙon Madina. A Masar, Taha Husaini da ya makance tun yana yaro ya riƙe ma'aikatar ilimi a 1950. Nan kusa da mu a Kano, Jibril Isa Diso, makaho, ya kai matsayin farfesa a jami'ar Bayero, wadda ke da sashe guda na ilimin masu buƙata ta musamman. Hukumar JAMB da ke shirya jarrabawar shiga jami'a a Najeriya ta kafa wani kwamiti tun 2017 da ke shirya wa makafi tasu jarrabawar a cibiyoyi na musamman, har da Kano. Ba mu ce Najeriya ta gama gyara nata ba, su ma kukansu na nan. Amma uba a can yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ƙofar nan ita muke nema. A kowace jami'a ta gwamnati, har da ta jiharmu mai ɗauke da sunan André Salifou, a samu ofis guda a ƙasa, ba a bene ba, da ma'aikaci guda da aka san sunansa, da lambar wayar da za mu iya karantawa a rediyo da Hausa da Tamajak da Fulatanci. A ba shi layinsa cikin kasafin kuɗi, ko yaya ƙanƙantarsa, don ofis marar kasafi allo ne kawai a bakin ƙofa. A ba shi ikon zama da mai tsara jadawali, da hukumar CROU mai kula da ɗakuna da abinci da bas, da hukumar ANAB mai biyan burs. Inda irin wannan ofis ya riga ya kasance, to a fito a faɗa, don ofishin da uba a Tarka bai san da shi ba, a wurinsa daidai yake da babu. Kuma ba sai an jira yaro ya iso ba. Tun ranar da ya yi rajistar bak, lise ɗinsa ya san halinsa, ofishin shirya jarrabawa yana iya saninsa. Me zai hana takardar ta riga shi isa jami'a, ya tarar an ajiye masa ɗaki a ƙasa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka a zauna da Tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, da ƙungiyar makafi ta UNAN, da su ɗaliban kansu, kafin a sayi ko ƙusa ɗaya. Sau nawa aka sayo kayan da ba wanda ya nema suka ruɓe a sito?

Ga ƙungiyar ɗalibai ta USN muna da ƴar magana. Kun iya tsayawa kan burs da resto, tarihi ya shaide ku tun kafin 9 ga Fabrairun 1990. Abokan nan uku da suka yi ta ɗaukar ɗan Tarka membobinku ne, sun yi abin da ya fi ƙarfinsu, Allah ya saka musu. Ku sa maganar bene da makewayi cikin takardar buƙatunku, a sama, ba a layin ƙarshe da ake yafewa in an zauna sulhu ba.

Hukumomin komin ɗin Tarka da prefen Belbeji su ma ba su fita ba. Naƙasassun yaran da ke kolej da lise a gundumar ba su fi a ƙirga su a san sunayensu ba. A tabbatar kowane yana da takardar haihuwa, a taimaka masa da kuɗin mota ranar tafiya, a rubuta wasiƙa ta raka shi. Domin abin da ya faru da yaron nan bai tsaya a kansa ba. Duk ƙauyen sun ga tafiyarsa, sun ga dawowarsa. Akwai uwar da ke da makauniyar ƴa, akwai uban da ke da kurman ɗa, suna kallo, suna lissafi. Gobe in mushe ya zo rubuta yara, za su nuna masa ɗan bak da ke zaune a gindin bedi, su ce wancan ma da ya yi shekara goma sha uku ga inda ya ƙare. Wasu kuma za su yi wani lissafin da ya fi muni, su ce da tasha aka kai shi da ƙoƙo da yanzu ya tara wani abu.

Dattijon ya sake kiranmu sau biyu tun daga ranar. Tambayarsa ta ƙaru: in yaron ya koma a shekarar karatu mai zuwa, za a karɓi rajistarsa, ko an ɗauke shi wanda ya gudu? Burs ɗinsa tana nan, ko ta tafi? Mun ajiye lambarsa. Shafin nan a buɗe yake, layin shirinmu na dare ma a buɗe yake, ga duk shugaban jami'a, ko daraktan CROU, ko jami'in ma'aikatar ilimi mai zurfi da ke da amsar da za mu kai masa kafin a buɗe rajista.